Usur ɗin ƙarshe: Me ya sa wasanninmu ke ƙarewa da rigima da alƙalan wasa?

A ranar Lahadi, 12 ga Oktoban 2025, Kano Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu gida ne suka fara zura ƙwallo tun farkon wasa, suka riƙe ta har agogo ya cika minti 90. Cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara ne baƙi suka farke, aka tashi 1-1. Abin da ya biyo baya, duk mai waya a hannu ya gani: 'yan kallo sun kutsa cikin fili, an far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya, NPFL, ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zaftare mata maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin, ta mayar da wasanninta na gida zuwa Katsina. Babban manajan ƙungiyar, Ahmed Musa, ya fito ya ba da haƙuri.

Wanda ke bin gasar ya san an taɓa yin haka. A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a filin Agege na Legas, Pillars na kan gaba da ci ɗaya sai alƙali ya ba Rangers ta Enugu bugun fenareti ana dab da tashi. Aka tashi 1-1, magoya baya suka shiga fili, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12, aka ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. A watan Yunin 2022 kuma, Dakkada ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa, shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai hannu kan mataimakin alƙali, hukumar gasar ta kore shi. A ƙarshen wannan kakar Pillars ta faɗa ƙaramar gasa.

Sau uku ke nan cikin shekara shida, kuma kowane karo labarin ɗaya ne: ci ɗaya a hannu, a farke shi a mintunan ƙarshe, sai fili ya yamutse. Pillars ce misali a nan domin ita ce ta fi yawan magoya baya a Arewa, amma babu wani filin gasar da zai ce bai san irin wannan rana ba. Washegari a teburin mai shayi da ofisoshi da shagunan Kantin Kwari, magana kan rabu gida biyu: masu cewa an sayi alƙali, da masu cewa 'yan kallo ne ba su da tarbiyya. Kowane ɓangare na da abin da zai nuna, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai muhawarar kan tsallake wani abu mai muhimmanci. Mintunan ƙarshe na wasan ƙwallo suna tafiya ne da agogon da mutum ɗaya kaɗai ke gani, da dokokin da yawancin masu kallo ba a taɓa yi musu bayaninsu ba, kuma bayan an tashi babu wanda ke fitowa ya ce ga abin da ya faru. Inda aka rasa bayani, zato ne ke cike gurbin.

Agogon da ke hannun mutum ɗaya

Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne, kuma hukumar IFAB ce ke tsara su. Doka ta 7 ita ce ta lokaci. Ta ɗora wa alƙali alhakin biyan duk lokacin da aka ɓata a kowane zagaye: na canjin 'yan wasa, da jinyar wanda ya ji ciwo, da ɓata lokaci da gangan, da ba da kati, da hutun shan ruwa, da duba na'urar VAR, da murnar cin ƙwallo. Abin da ya fi rikita 'yan kallo shi ne lambar da alƙali na huɗu ke ɗagawa a allo daga bakin fili. Wannan lamba mafi ƙarancin abin da za a ƙara ce. Alƙali na iya ƙarawa a kanta, amma ba shi da ikon ragewa. Idan aka nuna minti huɗu, sai mai tsaron gida ya kwanta na minti ɗaya da rabi yana riƙe da ƙafa, to wasa zai kai minti biyar da rabi, kuma ƙwallon da aka ci a minti na biyar halastacciya ce. Haka nan idan aka ba da fenareti a daƙiƙar ƙarshe, dole a tsawaita lokaci har a buga shi.

A nan ƙungiyar da ke kan gaba da ci ɗaya kan haƙa wa kanta rami. Tun daga minti na 75 za a fara jan ƙafa wajen jefa ƙwallo daga gefe, 'yan wasa su riƙa faɗuwa, yaran da ke ɗauko ƙwallo su ɓace. Duk wannan bashi ne, kuma doka ta umarci alƙali ya biya shi a ƙarshe. Ɗan kallon da ya yi ta tafi lokacin da ake cin bashin, shi ne zai fi kowa jin zafi lokacin biya.

A gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022, kwamitin alƙalan FIFA ƙarƙashin Pierluigi Collina ya umarci a riƙa lissafa lokacin da aka ɓata dalla-dalla. A wasan Ingila da Iran, jimillar abin da aka ƙara a zagaye biyu ya kai wajen minti 27. Mutane sun yi mamaki, amma ba a yi rigima ba, saboda tun kafin a fara gasar an sanar da duniya cewa haka za a yi.

Ikon da ke hannun alƙali kan agogo ya taɓa haifar da abin al'ajabi a manyan wurare. A kofin duniya na 1978 a Ajantina, Brazil ta samu bugun kusurwa a kan Sweden a daƙiƙun ƙarshe. Zico ya sa kai ƙwallo ta shiga raga, amma alƙali Clive Thomas na Wales ya riga ya busa tashi tana sama, aka tashi 1-1. A ranar 12 ga Janairun 2022 kuma, a garin Limbe na Kamaru, alƙali Janny Sikazwe ɗan Zambiya ya busa tashi a minti na 85 na wasan Tunisiya da Mali a gasar kofin Afirka. Aka nusar da shi, aka ci gaba, sai ya sake busawa kafin minti 90 su cika, alhali a zagayen an ba da fenareti biyu, an duba VAR, an ba da jan kati. Ana cikin taron manema labarai aka nemi ƙungiyoyin su koma fili. Mali ta koma, Tunisiya ta ƙi, hukumar CAF ta bar sakamakon 1-0 ga Mali. Daga baya aka bayyana cewa zafin rana ne ya bugi alƙalin har aka kai shi asibiti, kuma FIFA ta tafi da shi Ƙatar a wannan shekarar. Da a ce a wani filin gasarmu aka yi haka, kafin a kai ga maganar asibiti an riga an yanke hukuncin cewa kuɗi ya karɓa.

Kuskure iri uku, hukunci iri uku

Kalmar "alƙali ya cuce mu" kan rufe abubuwa uku mabambanta, kuma tarihin ƙwallo ya nuna cewa kowanne da yadda ake yi da shi.

Na farko shi ne kuskuren gani. Doka ta 5 ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya auku a cikin wasa, har da ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba, shi ne na ƙarshe. Babu ɗan Najeriyar da ya isa kallo a shekarar 2000 da zai manta da wannan. A ranar 13 ga Fabrairu, a wasan ƙarshe na kofin Afirka a babban filin Surulere, Najeriya da Kamaru sun tashi 2-2, aka je bugun fenareti. Ƙwallon Victor Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta faɗo, hotunan talabijin suka nuna ta tsallake layi, amma alƙali Mourad Daami na Tunisiya bai ba da ita ba. Kamaru ta ɗauki kofin da 4-3. Ba a sake wasan ba, kuma ba za a taɓa sakewa ba. Dalilin dokar a fili yake: da za a buɗe ƙofar sake duk wasan da alƙali ya yi kuskuren gani, da babu gasar da za ta ƙare. Maganin da aka nemo wa wannan nau'i shi ne a ƙara wa alƙali ido, shi ya sa aka amince da na'urar layin raga a 2012, aka shigar da VAR cikin dokoki a 2018.

Na biyu shi ne kuskuren aiki da doka, wato alƙali ya ga abin da ya faru daidai amma ya zartar da abin da doka ba ta ce ba. A watan Satumban 2005, a wasan neman gurbin kofin duniya a Tashkent, Uzbekistan ta ci Bahrain fenareti, sai alƙali Toshimitsu Yoshida na Japan ya ga wani ɗan wasan Uzbekistan ya shiga da'ira kafin a buga. Doka ta ce a sake bugawa, shi kuwa ya ba Bahrain bugun tazara. Uzbekistan ta ci wasan 1-0 duk da haka, amma ta kai ƙara tana neman a ba ta 3-0. FIFA ta amsa cewa an saɓa doka, ta soke wasan baki ɗaya ta ce a sake. Aka sake aka tashi 1-1, a Bahrain aka yi 0-0, Bahrain ta wuce da ƙwallon waje. Mai ƙara ya samu gaskiyarsa ya rasa gurbinsa, garin neman gira ya rasa ido.

Na uku shi ne maguɗi. A ranar 12 ga Nuwamban 2016, a Polokwane, alƙali Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenareti a kan Senegal bisa cewa Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a ƙafa ta same shi. Afirka ta Kudu ta ci 2-1. FIFA ta yi bincike, ta haɗa da bayanan yadda aka yi caca kan wasan, ta haramta wa Lamptey alƙalanci har abada a watan Maris na 2017. Kotun wasanni ta duniya ta tabbatar da hukuncin, aka sake wasan a Nuwamban 2017, Senegal ta ci 2-0 ta tafi Rasha.

Saboda haka kuskuren gani haƙuri ake yi da shi a gyara gaba, saɓa doka yana da ƙofar ƙara, maguɗi kuwa bincike da kora ne maganinsa. Matsalarmu ita ce ɗan kallo a Kano ko Katsina ko Sakkwato ba shi da hanyar sanin wanne ne ya faru a gabansa. Da yake ya sha jin labarin na uku, sai ya fassara kowane kuskure da shi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ƙara ruɗani. Alƙali na iya sauya hukuncinsa matuƙar ba a ci gaba da wasa ba, ko bai busa tashi ya bar fili ba. Shi ya sa a watan Satumban 2020, a wasan Brighton da Manchester United, alƙali Chris Kavanagh ya busa tashi ana 2-2, aka kira shi ya duba VAR, ya ba da fenareti, Bruno Fernandes ya ci a minti na 100. Dubban mutane sun kalli wannan wasa a gidajen kallo na garuruwanmu, kuma da yawa har yau suna ɗauka son kai aka yi, alhali abin da aka yi yana cikin doka.

Abin da jami'o'in Amurka suka gwada

Wannan muhawara ta daɗe a wasannin ɗalibai na Amurka, musamman ƙwallon da suke riƙewa da hannu, inda ake ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi goma, in ta kasa ta miƙa ƙwallo. A watan Nuwamban 1940, a wasan jami'ar Cornell da kwalejin Dartmouth, alƙali ya rikice da lissafi a daƙiƙun ƙarshe ya ba Cornell dama ta biyar, ta ci da ita, aka tashi 7-3. Da aka wanke fim ɗin wasan aka ga kuskuren, alƙalin ya amsa laifinsa, Cornell ta aika da waya cewa ta sallama nasarar, Dartmouth ta karɓa, aka rubuta 3-0. Bayan shekara 50 aka sake irin wannan kuskure a wasan Colorado da Missouri na 1990. Colorado ta ci 33-31 da dama ta biyar, ba ta sallama ba, aka dakatar da alƙalan, kuma a ƙarshen kakar tana cikin waɗanda aka ba kambun ƙasa.

A watan Oktoban 2015 kuma, jami'ar Miami ta doke Duke 30-27 da wani hari na ƙarshe da aka yi ta miƙa ƙwallo baya har sau takwas. Washegari hukumar gasar ta fitar da sanarwa, ta jera kurakuran da alƙalai suka yi a wannan hari ɗaya bayan ɗaya, ta dakatar da su wasa biyu, ta bar sakamakon yadda yake. Magoya bayan Duke ba su ji daɗi ba, amma sun san ainihin abin da aka yi musu da wanda ya yi shi. Gasar ƙwallon kwando ta NBA ta mayar da wannan al'ada: tun 2015 take wallafa rahoto kan hukunce-hukuncen minti biyu na ƙarshe a wasannin da aka tashi kusa da kusa, ta nuna inda aka yi daidai da inda aka kauce.

Abin lura shi ne, a yawancin waɗannan misalai sakamako bai sauya ba. Abin da wanda aka zalunta ya samu shi ne amincewar hukuma, a rubuce kuma cikin gaggawa, cewa an yi kuskure kuma ga irinsa.

Alƙalin da ba shi da kotu

Hausa ta zaɓa wa mai busa usur babban suna: alƙali. A al'adar ƙasar nan alƙali yana da zauren da ake girmamawa, da dogarin da ke tsare shi, da albashin da ba ya fitowa daga aljihun masu shari'a, kuma akwai na sama da shi da za a ɗaukaka ƙara gare shi. Alƙalin wasa a gasarmu ya ɗauki sunan, ya rasa yawancin waɗannan.

Shekaru da dama ƙungiyar da ke karɓar baƙi ce ke ɗaukar nauyin masauki da alawus ɗin alƙalai. Ko da babu wanda ya ce masa komai, mutumin da ya kwana a ɗakin da ka biya, kuma 'yan sandan da ka gayyato ne za su fitar da shi daga fili, da wuya ya busa maka fenareti a minti na 90 zuciyarsa a kwance. Cin wasa a waje ya yi wuya a gasar har sai da tsohuwar hukumar LMC ta riƙa ba da tukuicin kuɗi ga ƙungiyar da ta yi nasara a gidan wata. An mayar da biyan alƙalai hannun hukumar gasa, wanda gyara ne na gaske, amma an sha jin su suna kukan bin bashin alawus na tsawon lokaci. Wannan tarihi ya bar wa 'yan kallo wata mummunar aƙida: cewa maki ukun gida haƙƙi ne, don haka canjaras a gida alama ce ta an yi wani abu. Alƙalin da ya yi adalci ga baƙi shi ne ya fi shiga haɗari.

Sakamakon ya bayyana a waje. A jerin alƙalan da CAF ta fitar don gasar kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya, alhali Super Eagles ta kai wasan ƙarshe. Alƙalin da bai saba aiki da na'urar bidiyo a gida ba, kuma ya saba lissafa hanyar tsira kafin ya busa, da wuya ya yi gogayya da takwaransa na Maroko ko Masar.

Asarar kuma ba ta tsaya a teburin gasa ba. Kano Pillars, kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, mallakar gwamnatin jiha ce. Tarar da aka ci, da kuɗin ɗaukar 'yan wasa zuwa wani gari don wasan "gida", daga baitulmalin da ake biyan albashin ma'aikata suke fitowa. Idan aka rufe fili, mai sayar da riguna da mai ruwan leda da mai tsire da ɗan adaidaita da ke samun ciniki ranar wasa su ne ke kwana da yunwa. Waɗanda suka yi dukan kuwa, sau da yawa a gidajensu suke kwana.

Daga filin makaranta ake fara koyo

Duk wanda ya shiga fili da gudu a Ƙofar Mata, a wani ƙaramin fili ya fara koyon cewa ana iya yin haka. A ƙananan hukumomi irin su Wurno da Rabah da Goronyo, kamar sauran garuruwan Arewa, ƙwallon da mutane suka fi gani da idonsu ita ce ta makarantun sakandare da ta unguwanni da gasar kofin da wani mai hali ko ɗan siyasa ya sa. A irin waɗannan wasanni babu shinge tsakanin fili da jama'a, babu alƙali na huɗu, babu allo. Malamin motsa jiki ne ko wani tsohon ɗan wasa ke riƙe da usur, da agogon hannu ko na waya. Ana farawa bayan la'asar, sau da yawa a makare saboda jiran babban baƙo, ga shi babu fitilu, don haka lokacin da ya kamata a ƙara yakan ci karo da duhun magariba. Idan alƙali ya datse wasa, wanda ke baya zai ce an cuce shi. Idan ya ƙara, wanda ke gaba zai ce an cuce shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, abin da ya samu Sikazwe a Limbe na iya samun kowa.

Amma a nan ne gyara ya fi araha. Masu shirya gasa za su iya rubuta ƙa'idoji shafi ɗaya a karanta wa kyaftin-kyaftin kafin a fara: ƙarfe nawa za a take wasa, me za a yi idan duhu ya yi ana canjaras, wa ke riƙe da agogo na biyu, wa za a kai wa ƙara kuma cikin awa nawa. A sa mutum ɗaya a bakin fili ya rubuta mintunan da aka ƙara a kan kwali ya ɗaga, mai lasifika ya sanar cewa wannan mafi ƙaranci ne. A ɗauko alƙali daga wata gunduma, a biya shi kafin wasa daga asusun gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ya kamata gasannin manyan makarantu su yi, daga NUGA ta jami'o'i da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha zuwa NICEGA ta kwalejojin ilimi. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato da takwarorinta su ke yaye malaman da za su riƙe usur a ƙauyuka gobe, don haka haɗa su da majalisar alƙalan wasa ta jiha domin horo da takardar shaida abu ne da ba ya buƙatar kasafi mai nauyi.

Abin da ya rage wa hukumomi

A matakin ƙasa, aiki na farko shi ne NPFL da kwamitin alƙalai na NFF su ɗauki al'adar bayani. Duk wasan da aka yi taƙaddama kan ƙarshensa, a fitar da taƙaitaccen rahoto cikin kwana biyu, da Turanci da Hausa da sauran manyan harsuna, tare da hoton bidiyon wurin: minti nawa aka nuna, me ya sa aka wuce su, wace doka aka bi, kuma hukuncin daidai ne ko kuskure. Idan daidai ne, hukuma ta tsaya bayan alƙalinta a bainar jama'a. Idan kuskure ne, ta faɗi irinsa da matakin da ta ɗauka.

Za a iya cewa wannan zai ƙara jefa alƙalai cikin haɗari, tun da hukuma da kanta za ta riƙa nuna kurakuransu. Tsoron yana da tushe, amma halin da ake ciki ya fi muni. A yanzu bidiyon waya na daƙiƙa 20, wanda aka yanke yadda mai yankan ya so, shi ke yawo a Facebook da WhatsApp, kuma shi ne hujja ɗaya tilo da jama'a ke gani. Rahoton hukuma zai wanke alƙalai sau da yawa fiye da yadda zai kama su. Za a iya kuma cewa wanda ya zo da niyyar faɗa ba ya sauraron bayani. Haka ne, kuma shi maganinsa kotu. Fuskokin masu kutsawa fili suna cikin bidiyo. A gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya, a hana su shiga filaye, maimakon a tsaya kan tarar da talakan da bai je kallo ba zai biya. Bayani na sauran dubban ne, waɗanda shirunsu ko ihunsu ke ba 'yan tsirarun ƙwarin gwiwa.

Dokokin wasa da kansu sun karkata wajen bayyana abin da ke ɓoye. Tun 2023 FIFA ta fara sa alƙalai su sanar da hukuncin VAR ta lasifika a cikin fili. Daga kakar 2025/26, idan mai tsaron gida ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa takwas ana ba abokan hamayya bugun kusurwa, kuma alƙali na ƙirga biyar ɗin ƙarshe da yatsunsa kowa na gani. An kuma ba gasanni damar ɗaukar tsarin da kyaftin kaɗai ke tunkarar alƙali, shi kuma alƙalin ya yi masa bayani. Ga gasannin da ba su da ƙarfin VAR, FIFA ta gwada wani tsari mai sauƙi da ake kira FVS a gasar mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, inda ake aiki da kyamarori kaɗan, kowane mai horarwa na da damar neman a sake duba hukunci sau biyu. Wannan ya fi kusa da aljihun gasarmu, kuma yana da wata fa'ida: mai horarwar da bai nemi a duba ba, ba shi da bakin tunzura jama'a bayan an tashi.

Ƙungiyoyi ma da nasu aikin. Jami'in da ya ruga wajen alƙali bayan usur, ya ba 'yan kallo izini ne ko bai furta ba. Shugabannin magoya baya da masu sharhin wasanni a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato, waɗanda jama'a ke saurara fiye da kowace sanarwar hukuma, za su yi babban aiki idan suka ware minti biyar a kowane shiri suna warware doka ɗaya, su fara da ta 7.

Alƙalai za su ci gaba da yin kuskure a minti na 90, domin a lokacin ne gajiya ta fi yawa, hayaniya ta fi ƙarfi, kuma ba sauran damar gyara. Abin da ke hannun NFF da NPFL da hukumomin wasanni na jihohi shi ne su tabbatar an biya alƙali daga asusun da ba na masu wasa ba, an fitar da shi daga fili lafiya, kuma kafin a shiga mako na gaba an gaya wa jama'a gaskiyar abin da ya faru.